Abin da Baba Fada Ya Ji

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara duka. Yaya ƙafar nan da ke kumbura miki in kin daɗe a kan keken ɗinki? Kin yi mini alkawarin zuwa asibiti, amma na san halinki, sai ranar da ta hana ki taka ƙasa za ki yarda ciwo ne. Ki gaishe mini da maigida, ki faɗa masa kujerar da na gyara masa ta zama ce, ba ta hawa a canja ƙwan lantarki ba.

Ni lafiyar jikina ƙalau, sai dai an ɗauke ni daga shagon kafinta. Kada gabanki ya faɗi, ba laifi na yi ba. Kin san tsarin gidanmu, ko da yake har yau maigidanki yana tambayata yaushe za a ƙara mini girma in zama Fada. Ki sake yi masa bayani: Fada da Burada alkawari ɗaya muka ɗauka, na talauci da rashin aure da biyayya, kuma tukunya ɗaya muke ci. Su suna riƙe da Mas, wato babbar sujadar coci, da sauraron masu furta zunubi, mu muna riƙe da aikin hannu. An kafa ƙungiyarmu ne don mu zauna a unguwannin ma'aikata inda wasu ba sa son zama, mu shiga kurkuku da asibiti, mu koya wa mutane sana'a. Ba wanda ke zaɓar aikinsa. Shugaban gida ne ke rabawa, shi ma akwai shugaban yanki a samansa. To, a rabon bana an ba ni Baba Fada.

E, Baba Fada dai da kika sani, wanda ya yi mana baftisma, ya kuma ɗaura miki aure. Tsufa ya zo masa ta kai. Jikin nan garau, yana cin abincinsa, yana hawa bene ba sanda, amma tunani ya fara zubewa. Jiya a cikin firiji na tsinci takalminsa, ya kuma rufe ni da faɗa wai ni na ɓoye. Wani lokaci yakan ɗauke ni Babanmu ne, ya tambaye ni ko maiɗakina ta sauka lafiya. Ni ke yi masa wanka, ni ke aske masa gemu, ƙafata ƙafarsa. Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai zan ba ki.

Ranar Talata da safe muna karyawa, mu biyar a teburi: Shugaba, da Baba, da ƙaramin Fadan nan da muke kira Fada Babur saboda kullum yana kan babur a hanyar kurkuku, da Burada Nas mai kula da ɗakin shan magani, da ni. Sai Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya juya kujerarsa gefe, ya rufe ido da tafin hannu, ya karkata kunne wajen bango. Yaya, zaman da yake yi ke nan a cikin akwatin furta zunubi, ɗan ɗakin katakon nan na coci. Kin tuna ɗabi'arsa ta maimaita wa mutum abin da ya faɗa, a hankali, don ya tabbata ya ji daidai? Ita ya fara. Ya ce, "To, ɗana, ka ce mini…" sai ya zarce. Ya faɗi sana'ar mutumin, ya faɗi layin da yake zaune, ya faɗi abin da ya aikata. Ba zan rubuta miki ko harafi ɗaya ba. Abin da zan iya gaya miki shi ne ba sambatu ba ne, maganar mutum ce ta gaske.

Muka yi tsuru-tsuru. Fada Babur ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Shugaba ne Allah ya ba dabara. Kin san addu'ar safe da ta yamma gefe biyu muke yin ta, wannan gefe ya ja layi, wancan ya amsa. Sai ya ɗaga murya ya jawo layin farko. Baba ya tsaya cak, bakinsa da kansa ya ba da amsa, don tun ba a haife mu ba yake amsa ta. Muka yi ta ja yana amsawa har ya manta da bangon, ya nemi a ƙara masa sukari.

Tun ranar ban sake samun natsuwa ba. Ki duba fa, kusan duk wanda ya girma a unguwar nan ya durƙusa a gaban mutumin nan. Layinsa ya fi na kowa tsawo, saboda ba ya tsawa, kuma kowa ya sakankance abin da ya shiga kunnensa ba ya fita. Ke kanki kin fi kowa daɗewa a ciki, in yi ta jiranki a bakin coci rana tana dukana, ina cewa anya Yaya ba kai ta yanke ba. Yanzu duk wannan kaya yana cikin kan da murfinsa ya kwance, ni kuma aka ba gadi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In ya buɗe baki, ko hamma zai yi, sai in zabura in matso kusa da shi.

Kada ki gaya wa kowa, har maigida. Ke ma don ba ni da wanda zan sauke wa ne. Ki sa mu a addu'a, ki shafa mini kan yara, ki ce wa babbar ina nan da akwatin littattafan da na yi mata alkawari, fenti ya rage.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida da yara, da fatan alherin Allah yana tare da ku. Takardarki ta iso, amma wannan karon kin yi mini rowa. Ko labarin ƙafar ba ki ba ni ba, ba ki ce ga abin da ƙaramar ta ɓarnata a makon nan ba, sai tambayoyi a jere kamar ɗan sanda.

Bari in amsa miki. Kin ce ko yana kiran suna. Ba kasafai ba, don a akwati ba a faɗin suna, amma Baba mai gane murya ne, yakan ce ɗan wane ko 'yar wance. Kin kuma ce na wane zamani yake tunawa. Burada Nas ya ce haka ciwon yake, na jiya ya goge, na da ne ke tasowa. Yawanci na shekarun da muke yara ne, zuwa wajen lokacin da kika yi aure.

Mun yi taron gida a kansa. Kowane mako muna zama a ɗakin karatu, kuma ƙa'idarmu ƙarami a alkawari shi ke fara magana, babba ya zo ƙarshe, don kada kwarjinin manya ya rufe bakin ƙanana. Fada Babur ya ce a kai Baba gidan tsofaffinmu tun abin bai fi ƙarfinmu ba. Burada Nas ya ce can ɗin ma'aikatan haya ne ke jinya, wannan ya tashi wancan ya karɓa, kunnuwa za mu ƙara ke nan. Ni da aka zo kaina sai hawaye, ƙato da ni. Da ƙyar na ce mutumin da ya rufa wa unguwa asiri bai kamata mu jefar da shi ranar da nasa ya buɗe ba. Shugaba ya bayyana mana dokar Ikilisiya. Baba ba shi da laifi, don ba a hayyacinsa yake ba. Amma duk wanda ya ji abin da aka faɗa a akwati, ko ta wace hanya, Fada ne ko Burada ko mai shara, nauyin shirun ya hau kansa har ya mutu.

Aka yanke cewa Baba zai zauna a bene har shugaban yanki ya zo ziyara ya yanke hukunci. Babu baƙo. Mai wanki a gindin matattakala take karɓar kaya yanzu. Tagar da ke kallon titi ni da hannuna na buga mata ƙusa, kuma duk wanda ke tare da shi, da ya ga ya juya kujera, sai ya ja addu'a. Wani yini sai in ja ta har muryata ta dushe. Abin da ya fi ci mini rai, yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ina mutanena? Yau ba wanda ya zo?" Ga su can kuwa a bakin get da ledar lemu da ayaba, muna ce musu yana hutawa.

To, ranar Asabar da rana na sauka ɗebo ruwan zafi na aski. Ban daɗe ba, Allah ya sani. Na dawo na tarar da ɗaki wayam. Na duba bayan ƙofa, ɗan mayafin nan shunayya da yake ratayawa a wuya in zai shiga akwati babu shi a kan ƙusa. Asabar ce fa, ranar furta zunubi. Ban san lokacin da na saki butar ba, na dira matattakala da gudu, ba ko takalmi.

Na shiga coci na ga layi har wajen ƙofa, kowa fuska a sake. Wata tsohuwa ta kama hannun rigata tana cewa, "Burada, mun gode Allah, Baba ya warke!" Labulen akwati a rufe, ga ƙafafun wata mata a durƙushe. Kuma kin san kunnensa ya yi nauyi, muryarsa ta ƙaru. Daga inda nake tsaye na ji ya ce, "To, 'yata, kin ce mini…" Ban sani ba ko maganar wadda ke ciki zai maimaita, ko ta wata ce ta shekarun baya. Ko wacce ce, coci cike yake. Burada kuma ba shi da ikon buɗe ƙofar akwati ana cikin furtawa.

Sai na tsaya a tsakiyar coci, rana tsaka, ƙafa ba takalmi, na kware baki na jawo addu'ar yamma da iyakar ƙarfina kamar wanda ya zautu. Kowa ya juyo. Can sai amsa ta fito daga cikin akwati. Na sake ja, ya sake amsawa. Ina ja ina matsawa, har matar ta fito da mayafi a fuska, na buɗe ƙofa na kamo hannunsa. Muka ratsa mutane yana amsa mini yana sa musu albarka, yana murmushi, shi a ganinsa ranar farin ciki ce.

Da na kai shi ɗaki na zauna a ƙasa, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Shugaba bai yi mini faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya ce kawai daga yau mabuɗi ya zauna a aljihuna. Amma mutane ba wawaye ba ne, Yaya. Na ga yadda murmushinsu ya ɗauke lokacin da muke fita. Wasu sun fara lissafi a ransu, kuma ina tsoron abin da lissafin zai haifar.

Ki rubuto mini doguwar wasiƙa, ko ta gulmar maƙwabta ce, in ɗan sami abin da zan ji wanda ba nauyi. A gaida kowa da kowa.

Naki,
Auta

*

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannuna ba daidai yake ba.

Magana ta fita. Ba wanda ya faɗa, amma unguwa ta sani. Asabar ɗin da ta wuce Shugaba ya zauna a akwati har ya gaji, ba wanda ya leƙo. Fada Babur ya ce har a kurkuku an tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa wa Fada yana tsiyaya. Aikin da magabatanmu suka gina a nan tun unguwar tana ƙarama, a kan yarda ya tsaya, ga shi yana girgiza. Ni kuwa in na fita sayen maganin Baba, mutanen da na yi wa gado da teburi sai su tsallaka titi. Mai shagon da ke tsokanata kullum a kan tsawona, yanzu kai a sunkuye take miƙo mini kaya.

Shekaranjiya da hantsi wani babban mutum ya tare ni a bakin get. Ba zan kwatanta miki shi ba. Ya miƙo hannu muka gaisa, sai ya ƙi saki. Yana murmushi ya ce, "Burada, mu da ku ai ba ta ɓaci. Tsohon nan, me yake cewa ne?" Na ce masa tsufa ne kawai. Ya ƙara matse hannuna har na ji ƙashi yana ƙara. Ya ɗaga kai ya kalli tagar da na buga wa ƙusa, ya kalli shagon kafinta, ya ce, "Gidan nan naku katako ya yi masa yawa. Ku riƙa kula da wuta." Sannan ya sake ni, ya ce a gaida Shugaba. Yaya, saura ƙiris in ce masa Baba bai taɓa ambatarsa ba, don in kuɓuta. Kalmar ta zo har leɓena. Tsoro ne ma ya busar mini da baki ta kasa fita.

Na je na gaya wa Shugaba. Ya kira hukuma, ya sa an ƙara fitila a bayan shago, sannan ya zaunar da ni ya ce bakin da ya bushe Allah ne ya busar da shi. Ya ce, "Ka saurara da kyau. Ba ka da e, ba ka da a'a. In ka ce wa wannan ba a ambace shi ba, gobe wancan zai zo. Ranar da ka yi wa wani shiru, shirun ya zama e. Amsa ɗaya ce ga kowa: ba ni da abin faɗi." Na ce ko da mutum mai tsarki ne da na tabbata ba a ambace shi ba? Ya ce ko da uwar da ta haife ni ce.

Ina fitowa daga wajensa Burada Nas ya miƙo mini wasiƙarki. Na yi murna, na ce ga gulmar da na roƙa ta iso. Na buɗe na ga layi biyu. Kin ce in gaya miki tsakanina da Allah, Baba ya ambace ki?

Na zauna a kan matattakala. Sai yanzu na gane tambayoyinki na wancan karo, ni kuma sakarai na zauna na amsa miki su dalla-dalla, har da gaya miki zamani. Sai yanzu na tuna wasan banzan da na yi miki na daɗewa a akwati. Ki yafe mini. Na ɗauka ina sauke kayana ne a wurin da ba zai yi nauyi ba, ban tsaya na tuna ke ma 'yar unguwar nan ce ba. Na koma na gaya wa Shugaba cewa tun farko na rubuta miki. Ya riƙe kai, ya ce bai kamata ba, amma abin da ya fita ya fita, kuma dokar da ya ba ni ba ta canja don ke ce.

Saboda haka ga amsata, irin wadda zan ba kowa: ba ni da abin faɗi. Kada ki karanta komai a cikinta. Kada ki auna tsawon wasiƙar nan ko karkacewar rubutuna ki ce kin gano wani abu, rubutun tun daga hannun mutumin nan ya karkace. Da an ambace ki da ba a ambace ki ba, waɗannan kalmomi za ki gani.

Na san ba abin da kike so ki ji ke nan ba. Ni ma ban taɓa hana ki komai ba tun da na yi wayo, kuma ban san yadda ake yi ba. Ki ci abinci don Allah. Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta

*

Yayata, uwata ta biyu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da dukan gida. Ina tambayar lafiyarki, ko da yake wasiƙarki ta riga ta gaya mini babu ita.

Kin ce abinci ya ƙi shiga, kin ɓata ɗinkin mutane, maigida ya fara tambayar me ke damunki. Kin ce in har ina ƙaunarki in ba ki kalma ɗaya. Kin ce gara ki je ki gaya masa da bakinki tun bai ji a wani wuri ba. Na karanta, na ɗauki biro na rubuta miki amsa, na ninke takardar, har na sa a ambulan. Sannan na shiga kicin na jefa ta a murhu, na tsaya har ta cinye. Ba zan gaya miki abin da ke cikinta ba. Na gaya miki wannan ne don ki san ba dutse ne a ƙirjina ba.

Shugaban yanki ya zo. Ya gana da kowannenmu shi kaɗai, kamar yadda ƙa'idar ziyara take, sannan ya hau bene ya zauna da Baba, malaminsa tun yana sabon shiga. Suna cikin hira Baba ya juya kujera. Shugaban yanki da kansa ya ja addu'ar, hawaye yana bin gemunsa. Da ya sauko ya yanke hukunci. Akwai ƙaramin gidanmu a gona, nesa da gari, Fada biyu ne kawai a ciki, ɗaya kurma, ɗayan baƙo ne da ba ya jin harshenmu. Can za a kai Baba. Ni zan bi shi, in zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa, don kunnena ya riga ya ɗauka, ba a son a ƙara sabo. Bayan nan kuma ba za a sake dawo da ni unguwarmu ba. Ya ce mutane suna bukatar su shiga coci ba tare da sun haɗu da fuskata ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce na ji, na bi. Alkawarin da na ɗauka ke nan, ko da yake ranar da na ɗauke shi ban san haka yake da nauyi ba.

Ina tsoron gonar nan. Ina tsoron shekarun da zan yi ni da muryarsa, da ranar da addu'ar ma za ta goge daga kansa in ja ya ƙi amsawa. Amma duk wannan bai kai tsoron da wasiƙarki ta sa mini ba, inda kika ce ba ki jin za ki iya sake haɗa ido da ni.

Ga abin da nake da ikon faɗa, kuma zan faɗa wa duk wanda ya tambaya. Abin da mutum ya kai akwatin nan, ba Baba ya kai wa ba, Allah ya kai wa, kuma an yafe shi tun ranar. Babu abin da zai fita daga bakina, ko daga bakin wani a gidan nan, zuwa kunnen maigidanki ko na kowa, game da kowa. In akwai abin da kike so ki gaya masa, ki gaya masa don ranki ya so, bayan kin natsu kin nemi shawarar Fadan cocinku. Kada ki rushe gidanki don tsoron bakina. Abin da na sani game da ke wanda nake da ikon riƙewa shi ne ke kika goya ni da Inna ta kwanta ciwo, ke kika bar makaranta don in ci gaba, ke kika ɗinka mini farar rigata ta Burada ta farko kina kuka kina cewa an sace miki ƙani. Wannan babu mai ƙara masa, babu mai rage masa.

E ko a'a kuwa, Yaya, ba za ki taɓa ji daga gare ni ba, ko a gadon mutuwata. Na san za ki riƙa dubana kina nema. Ki nema, zan jure.

Ranar Alhamis za mu tashi, Burada Nas ne zai tuƙa mu. Hanyar ta bi ta garinku, kuma za mu tsaya da rana a gidan man da ke bakin shiga gari don Baba ya miƙe ƙafa. Ki zo. Amma kada ki matso kusa da motar, kada ki ɗaga murya ko da gaisuwa ce, kin san yana gane murya, kuma wannan ma abin da zan gaya wa kowa ne. Ki tsaya a tsallaken titi wajen mai faci, ni zan tsallako. In kin kasa kallon fuskata ki kalli takalmina, ba zan ce komai ba. Ni dai ki zo.

Allah ya tsare ki, ya tsare gidanki.

Ƙaninki har abada,
Auta